Addinin mutanen Inka: rana suke bauta wa, kuma da gaske suna yanka mutane?

"Malam barka da warhaka. Na kalli wani bidiyo a YouTube ana cewa wai mutanen Inka rana suke bauta wa, kuma wai suna farke ƙirjin mutum su ciro zuciya a ba rana. Don Allah ina son ƙarin bayani, shin sun san akwai Mahalicci kuwa ko rana ce kawai ubangijinsu? Kuma har yanzu akwai masu yin wannan addinin?"

Yawwa ɗan uwa, barka kadai. Tambayoyi huɗu ka jero mini a numfashi ɗaya, batun rana, batun Mahalicci, batun yanka mutane, sai kuma ko addinin na nan ko ya mutu. Bari in fara da gyara maka abu ɗaya tukuna. Wannan hoton na hawa da mutum kan dogon gini mai matakala a kwantar da shi a ciro zuciyarsa tana harbawa, na Aztek ne, su kuma a Meksiko suke can arewa, tsakaninsu da Inka dubban kilomita ne, harshe daban sarauta daban. Na daɗe ina koyar da tarihin duniya kuma da wuya a yi aji ba a sami mai cakuɗa su ba, har da Maya, wata al'ummar daban, a zuba a ciki kamar fate, shi ya sa yanzu kafin in ce uffan sai na manna taswira a allo na sa kowa ya nuna da yatsa.

Inka a Amurka ta Kudu suke, a kan tsaunukan Andis, babban birninsu Kusko a ƙasar Peru ta yau, garin da ke sama da teku da kusan mita 3,400. Su da kansu Tawantinsuyu suke kiran daularsu, wato sassa huɗu a haɗe, ta kama tun daga kudancin Kolombiya ta ratsa Ikwado da Peru da Bolibiya har cikin Cile da Ajantina. Ta fara bunƙasa wajen 1438 zamanin sarki Pacakuti, Sifaniyawa suka kama sarki Atawalpa a 1532, ka ga ko shekara 100 ba ta cika ba tana daula. Riƙe wannan da kyau don shi ne mabuɗin amsarka. Inka ƙabila ɗaya ce mai mulki a kan ɗimbin ƙabilu, kuma kowace ƙabila tana da nata abin bautar tun ɗaruruwan shekaru kafin a san da su. To addinin fada daban, addinin mutumin ƙauye daban, masu bidiyo kuma na fada kawai suke nunawa don shi ne mai zinariya.

Sannan akwai matsalar da dole in faɗa maka tun yanzu. Mutanen nan ba su da rubutu irin na baƙaƙe, igiyoyi ne masu ƙulli-ƙulli da ake kira kipu suke ajiye lissafi da su, don haka kusan duk abin da ke hannunmu game da aƙidarsu Sifaniyawa ne suka rubuta, da yawa cikinsu limaman Katolika da suka zo rushe addinin, wasu kuma 'ya'yan Inka ne da suka riga suka zama Kirista suna son wanke kakanninsu. Ni ma fassarar waɗannan littattafai nake karantawa, ba na jin Kecuwa, harshensu. Duk labarin da na ga ya yi kama da Littafi Mai Tsarki sosai sai in ɗan ja baya in duba waye ya rubuta.

Rana da Mahalicci

E, sun bauta wa rana, sunanta Inti, kuma a wurinsu namiji ne, wata kuma matarsa ce, Mama Kilya. Sarki da ake kira Sapa Inka ɗan rana ne, to ka ga inda siyasa ta shigo, wanda ya ja da sarki ya ja da rana ke nan. Babban ɗakin bautarsu a Kusko shi ne Korikanca, ma'anarsa farfajiyar zinariya, an lulluɓe bangonsa da fallayen zinariya, a ciki akwai gunkin rana na zinariya mai suna Puncaw wanda aka ce a cikinsa ake zuba tokar zukatan sarakunan da suka shuɗe. Babban limamin rana, Wilak Umu, yawanci ɗan uwan sarki ne na jini. Duk ƙasar da suka ci da yaƙi sai a raba gonakinta, kaso na addini, kaso na sarki, kaso na jama'ar gari, kuma talakawa ne za su noma dukkansu. Akwai kuma 'yan matan da ake zaɓowa daga ƙauyuka tun suna ƙanana, akla ake ce musu, a killace su a wani gida suna saƙa tufafi masu tsada suna dafa giyar masara da ake kira cica, wadda kusan ba a yin wata ibada sai da ita.

Mahalicci kuwa suna da wani da suke kira Wirakoca. Labarin ya ce daga tafkin Titikaka ya fito lokacin duniya tana cikin duhu, ya fitar da rana da wata da taurari, ya ƙera mutane ya zana wa kowace ƙabila irin tufafinta ya ba ta harshenta, sai ya tura su ta ƙarƙashin ƙasa, waɗannan suka ɓullo ta kogo, waɗancan ta idon ruwa, wasu ta tafki ko gindin itace. Da ya gama sai ya yi tafiyarsa ya bi ta kan teku ya ɓace. To ka ga ko a nasu labarin rana halitta ce. Har akwai wani labari da ɗalibaina ke matuƙar so, wai wani sarkinsu ya tsaya yana kallon rana ya ce wannan da kullum take bin hanya ɗaya ba hutu kamar dabbar da aka ɗaure, ai dole akwai ubangidan da ke sa ta aiki. Duk Musulmin da ya ji wannan sai ya tuna da Annabi Ibrahim a Suratul An'am, ni ma haka, amma fa ta hannun marubuta Kirista labarin ya iso mana, masu son nuna cewa Inka sun kusa gane Allah ɗaya. Abin da zan iya tsayawa a kai shi ne suna da tunanin mahalicci, amma tauhidi kam babu, don Wirakoca ɗaya ne cikin da yawa kuma ba shi ne ya fi samun hidima ba. Ga Ilyapa mai ruwan sama da tsawa, wanda suke sifantawa da mutum mai riƙe da majajjawa a sama, ƙarar majajjawar ita ce aradu. Ga Pacamama, uwar ƙasa, ta manoma. Ga Mama Koca ta teku. A bakin teku kusa da Lima, babban birnin Peru na yau, kuma akwai Pacakamak, wani tsohon gidan tsafi da ake zuwa neman duba tun kafin Inka, da suka ci yankin ba su taɓa shi ba, sai dai suka gina ɗakin rana a gefensa.

Waka da gawarwakin kakanni

Nan ne ainihin addinin yake, kuma nan zan fi daɗewa. Kalmar ita ce waka, abin dariya yadda mutanen Kusko ke furta ta da ƙ irin tamu ne, sak kamar waƙa, amma ba ruwanta da rerawa. Waka shi ne duk wani abu da suke ganin yana da rai da ƙarfi a ɓoye, dutse ne, tsauni ne, marmaro ne, kogo ne, kabari ne, har zangarniyar masara da ta fito tagwaye ko yaron da aka haifa da wata alama ta daban. In ina so ɗalibai su gane da sauri sai in tuna musu Tsumburbura da Barbushe a Dala, ko yadda Maguzawa ke da wata tsamiya ko kuka da aka san gidan iska ce ana kai mata yanka, ba daidai suke ba amma ƙofar shiga ke nan. Bambancin shi ne su a wurinsu sau da yawa dutsen kansa shi ne mai ran, yana ci yana sha, a sa masa tufafi, yana da gona da garken dabbobi da masu yi masa hidima, yana da mai magana da yawunsa. Har suna da labarin cewa ranar da ƙabilar Canka ta kawo wa Kusko hari duwatsun fili ne suka tashi suka zama mayaƙa suka taimaki Pacakuti, bayan yaƙi aka tsince su aka ajiye ana girmamawa.

Wani limami mai suna Bernabe Cobo ya bar mana jerin waka 328 da ke kewaye da Kusko, a jere kan layuka 41 da suka tashi daga Korikanca suka bazu ko'ina kamar igiyoyin kipu, kowane layi akwai dangin da aka ɗora wa kula da shi. Tsarin kuwa na ba-ni-in-ba-ka ne. Ka ciyar da tsauni ya ba ka ruwa, ka yi wa ƙasa rowa ta hana ka amfani. Abin da aka fi bayarwa ganyen koka ne, cica, tufafi da ake ƙonawa, kitse, wani jan ƙwanson teku mai suna mulyu da ake kawowa tun daga gabar Ikwado, sai lama, dabbar nan mai kama da ɗan raƙumi marar tozo. Fara ta rana ce, mai ruwan ƙasa ta Wirakoca, dabbare-dabbare ta mai tsawa. Da huhun lama ma suke duba, a hura shi a karanta jijiyoyin. Kuma in Inka suka ci gari sai su ɗauke babban wakan garin su kai Kusko, da sunan karramawa, amma kowa ya san garkuwa ce, in kun yi tawaye ubangijinku na hannunmu.

Mafi girman waka ga kowane dangi gawar kakansu ce. Sanyi da bushewar tsaunukan nan na sa gawa ta bushe ba ta ruɓe ba, to sai su ajiye ta a zaune a kogo, ana kai mata abinci ana sake mata kaya. Na sarakuna kuwa abin ya wuce misali. In sarki ya mutu fadarsa da gonakinsa da bayinsa suna nan a matsayin nasa, zuriyarsa ce ke riƙe masa, ɗan da ya gaje shi sarauta kawai ya gada, sai ya je ya nemo tasa dukiyar, wasu masana ma suna ganin wannan na cikin abin da ya sa daular ta yi ta cin ƙasa ba tsayawa. Ranar biki a fito da gawarwakin dandali a jera su bisa girma, a ƙona musu abinci a gabansu, a zuba musu giya, har ziyara suke kai wa juna. Wani ɗan uwan Francisco Pizarro, jagoran Sifaniyawan da suka ci daular, mai suna Pedro ya rubuta cewa an taɓa aikensa neman auren wata mata ga wani jarumi, ya isa wurin waliyyin sai ya tarar gawa ce zaune a kan abin ɗauka, namiji a gefe ɗaya mace a gefe ɗaya, su ne suka saurara suka ce ai maigida ya yarda. Sarki Waskar, ɗan uwan Atawalpa, an ce ya taɓa kukan cewa matattu sun cinye mafi kyawun ƙasar, ya yi barazanar binne su, abin da ya jawo masa baƙin jini wurin manyan Kusko.

Wannan ne zai sa ka gane ƙarshen Atawalpa. Sifaniyawa 168 ne suka kama shi a Kahamarka ranar 16 ga Nuwamba 1532, ya cika musu ɗaki da zinariya da azurfa don fansar kansa, duk da haka a Yuli 1533 suka yanke masa hukuncin ƙonawa. Da aka ce in ya karɓi baftisma za a shaƙe shi ne a maimakon wuta sai ya karɓa. Ga mutumin da ya yarda cewa rayuwa na ci gaba muddin jiki na nan, ƙonawa ta fi mutuwa muni, kuma shi ya fi kowa sani don mayaƙansa ne suka ƙone gawar kakansa Tupak Yupanki lokacin yaƙin basasarsu da Waskar. A 1559 wani jami'in Sifen, Polo de Ondegardo, ya bi sawu ya zaƙulo gawarwakin sarakunan da aka ɓoye. Garcilaso de la Vega, wanda uwarsa jinin sarautar Inka ce ubansa Basifane, ya gan su yana saurayi, ya ce har gashin ido na nan, ya taɓa yatsan sarki Wayna Kapak ya ji shi kamar itace, kuma ba su da nauyi, mutum ɗaya na iya rungumar ɗaya ya tafi da ita. Aka kai su Lima, daga nan suka salwanta.

Batun yara

To da gaske ne suna sadaukar da mutane, ba ƙage ba ne, sunan abin kapakoca. Ba kullum ake yi ba, sai in sarki ya mutu ko sabo ya hau, ko an yi fari, annoba, girgizar ƙasa, ko dutse ya yi aman wuta. Kuma yara ake zaɓa, marasa tabo ko kaɗan a jiki, sau da yawa 'ya'yan sarakunan gargajiya. A kai su Kusko a yi biki, sannan a kama hanya da su wani lokaci tafiyar watanni zuwa inda za a binne su. Shi Garcilaso ɗin nan a littafinsa na 1609 ya musanta, ya ce Inka sun hana wannan al'ada, amma ƙasa ta ƙaryata shi. A 1995 aka tsinci gawar wata yarinya a tsaunin Ampato, wadda ake kira Juanita, bincike ya nuna bugu aka yi mata a ka. A 1999 kuma masu binciken kayan tarihi Johan Reinhard da Constanza Ceruti suka tono yara uku a ƙolin dutsen Llullaillaco, ana furta shi kamar Yuyaiyako, a iyakar Ajantina da Cile, tsawon mita 6,739.

Hoton babbar cikinsu, wadda ba ta wuce shekara 13 zuwa 15 ba, shi ne abin da na fi jin nauyin nunawa a aji. Tana zaune ta tanƙwashe ƙafa, kanta ya sunkuya kan ƙirji, hannayenta a cinya, an yi mata ƙananan kitso sun zubo, ga ganyen koka a bakinta, wallahi in ba a faɗa maka ba sai ka ce gyangyaɗi take. Duk lokacin da na sa hoton aji yakan yi tsit. Da aka auna gashinta sai aka ga wajen shekara ɗaya kafin mutuwarta abincinta ya canza daga na talaka zuwa masara da naman lama, kuma a makonnin ƙarshe an ƙara mata koka da giya sosai, alamar dai an gusar mata da hankali aka bar ta sanyi ya ƙarasa. Ƙaramar yarinyar tsawa ta faɗa wa kabarinta daga baya ta ƙona gefen jikinta, yaron kuma an same shi a ɗaure tamau. Su a aƙidarsu yaran ba su mutu ba, sun koma waka ne masu tsaron yankin, uban da ya ba da 'yarsa kuma yakan sami girma wurin sarki. Ni dai ina karanta abin a matsayin addini da mulki a haɗe, sarkin da ya iya karɓar ɗanka ka yi godiya ai ya gama da kai. Yaran uku suna gidan tarihi a garin Salta ta Ajantina, ana fito da ɗaya-ɗaya a akwatin sanyi, kuma akwai 'yan asalin yankin da ba su ji daɗin sauko da su ba sam.

Me ya rage yau

Addinin fada ya faɗi tare da fada. An kwashe zinariyar Korikanca an narke, aka gina cocin Santo Domingo a kan bangonsa, sarki na ƙarshe Tupak Amaru aka fille kansa a dandalin Kusko a 1572. Amma duba wani abu, wajen 1564 wata guguwa ta taso a tsaunukan Peru mai suna Taki Onkoi, wato ciwon rawa, masu wa'azinta suna cewa waka sun fusata don an bar su da yunwa, sun daina shiga duwatsu yanzu mutane suke hawa, sai ka ga mutum na karkarwa yana rawa yana magana da muryar waka, Bahaushe dai ya san hawan bori. Waɗanda aka ce su ne jagororin waka a wannan tashin Pacakamak ne da Titikaka, tsofaffin da suka girmi daular, ba Inti na sarakuna ba. Bayan nan limaman coci suka shafe shekaru cikin ƙarni na 17 suna bin ƙauyuka suna farfasa waka suna ƙona gawarwakin kakanni, mutane kuma suna tsince tokar a ɓoye suna ci gaba da kai mata abinci.

Bikin rana, Inti Raimi, da za ka gani a bidiyo, ana ɗauke da sarki a karaga ranar 24 ga Yuni a Kusko, wasan kwaikwayo ne da aka farfaɗo da shi a 1944, 'yan yawon buɗe ido ne ke cika wurin. Na ainihin a watan Yuni ake yinsa shi ma, lokacin sanyinsu ne da yini ya fi gajarta, ana roƙon rana ta dawo. In kana neman abin da bai yanke ba sai ka je ƙauye. Yawancin masu jin harsunan Kecuwa da Aimara yau Kirista ne, amma mutum zai je coci da safe ya dawo ya zuba wa Pacamama ɗigon farko na abin shansa a ƙasa, a watan Agusta a haƙa rami a ciyar da ita, a kira manyan tsaunuka da sunan apu kamar iyayen gida, matafiyi in ya kai ƙolin hanya ya ƙara dutse ɗaya a kan tarin da ya tarar. Hukuncin wannan gauraye kuma ba fannina ba ne, ni tarihi nake koyarwa.

Har taurarin nan da muke ce wa kaza da 'ya'yanta, su Kolka suke kiransu, wato rumbu, kuma manoman dankali a Peru da Bolibiya, don dankalin da muke ce wa na Turawa asalinsa na can ne, har yanzu suna hawa tudu da asuba a ƙarshen Yuni su duba su. In sun fito tar a shuka a kan lokaci, in sun yi dishi-dishi ruwa zai makara sai a jinkirta shuka da wasu makonni. A shekarar 2000 wasu masana suka auna abin suka ga akwai gaskiya a ciki, wani siririn gajimare ne can sama ke dusashe taurarin a shekarun da yanayin El Nino, wato ɗumamar ruwan tekun Pasifik, zai kawo ƙarancin ruwa.